Atisayen Ƙara Sauri ga Masu Gudun Dogon Zango a Ƙasar Adar

Ranar 2 ga Oktoba 1988, 'yan Nijar uku suka shiga gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, kuma dukansu sun kai ƙarshe. Abdou Manzo ne ya riga sauran biyun isa. Ya cinye kilomita 42 da mita 195 cikin awa 2 da minti 25, wato kowane kilomita cikin minti 3 da sakan 26, tun daga fari har ƙarshe. Duk matashin Buza da ya taɓa gwada kilomita ɗaya tak da irin wannan sauri ya san abin da ake nufi: kafin ya kai rabi, numfashi ya fara gagararsa.

Masu gudu ba su yi ƙaranci ba a Buza da Madawa da Keita. Akwai 'yan kwaleji da lise masu shirin jarrabawar motsa jiki, akwai 'yan ƙwallo da 'yan kokowa masu neman numfashi, ga kuma samari da 'yan mata masu shirin shiga soja ko jandarma ko aikin 'yan sanda, inda gwajin gudu ke zubar da mutane da yawa. Matsalar mafi yawansu iri ɗaya ce. Su fito bayan sallar asuba, su bi hanya ɗaya, da sauri ɗaya, wata da watanni. A makonnin farko sukan ga ci gaba, daga nan sai lokacinsu ya tsaya cak. Wasu kuma su mayar da kowace safiya tsere, kowa na son ya kayar da ɗan'uwansa, har ƙwauri ko gwiwa ta zaunar da su.

Abin da ke ƙara wa mai dogon zango sauri shi ne gudu mai zafi da aka auna, haɗe da hutun da aka auna, sau ɗaya ko biyu a mako. Ƙasar Adar kuwa tana da duk abin da wannan aiki ke bukata: tudu, rairayi, hanyar jar ƙasa da filin ƙwallo.

Shirin farko

Ba a fara atisayen sauri da ɗanyen jiki. Wanda bai kai ga yin sassarfa ta minti 30 zuwa 40 ba tare da tsayawa ba, sau uku ko huɗu a mako, har na tsawon mako shida, gara ya fara da wannan tukuna. Huhu da zuciya sukan saba da aiki da wuri, amma agara da ƙashin ƙwauri suna ɗaukar lokaci kafin su yi ƙwari, kuma su ne ke fara kuka idan an yi gaggawa.

Sai awo. Filin gudu na ƙa'ida, irin na filin wasa na Janar Seyni Kountché da ke Yamai, zagayensa mita 400 ne. Filin ƙwallo cikakke mai tsawon mita 105 da faɗin 68, zagayensa mita 346 ne kawai, kuma filayen makarantu da na unguwa galibi ba su kai haka ba. Saboda haka a samu igiya mai mita 50, a shimfiɗa ta sau takwas, a sa alama da toka ko da duwatsu. Don auna kilomita ɗaya ko biyar, ma'aunin tafiya na babur ya wadatar, haka ma alamomin kilomita na bakin hanya inda suke nan. Agogon wayar hannu kuma ya isa riƙe lokaci.

Bayan awo sai gwaji. Mai gudu ya yi kilomita 5 iya ƙarfinsa, ya rubuta lokacin a littafi, domin daga wannan adadi ne za a fitar da saurin kowane atisaye. Wanda ya gama cikin minti 20, kilomitarsa minti 4 ce, mita 400 kuma sakan 96. Wanda ya gama cikin minti 25, kilomitarsa minti 5 ce, mita 400 kuma minti 2 cif.

Kowane atisayen sauri yana farawa da ɗumama jiki: sassarfa ta minti 10 zuwa 15, sai ɗaga gwiwa da lilo da ƙafa, sai ɗan gudu mai sauri na mita 80 sau huɗu, ba da iyakar ƙarfi ba. A ƙarshe kuma a rufe da sassarfa ta minti 10. Da sanyin hunturu, lokacin da tsoka ke ƙagewa, a ƙara wa ɗumamar minti biyar.

Gudun canjin sauri

Wannan shi ne ƙofar shiga, domin ba ya bukatar fili ko awo. Wani mai horarwa ɗan ƙasar Suwidin, Gösta Holmér, shi ya tsara shi a shekarun 1930, kuma duniya ta san shi da sunan fatlek. Mai gudu yana cikin tafiyarsa sai ya ƙara wuta na ɗan lokaci, ya sassauta, ya sake ƙarawa, ba tare da ya tsaya ba.

A garin Iten na ƙasar Kenya, inda manyan masu gudu na duniya ke zaune, safiyar Alhamis ta wannan atisaye ce. Jama'a masu yawa sukan taru a kan hanyar jar ƙasa, a sanar da tsarin ranar, ko minti ɗaya da zafi minti ɗaya a hankali, ko biyu da ɗaya, sannan a tashi gaba ɗaya. Matashin Adar zai iya ɗaukar tsarin farko kamar yadda yake, sai dai ya rage yawa: sau 10 a makon farko, ya riƙa ƙara biyu-biyu har ya kai sau 20. Saurin mintin zafi ya yi daidai da na gwajin kilomita 5, ko ya ɗan fi shi kaɗan.

Wanda ba shi da agogo ma yana da mafita. A kwarin Maggiya, tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska, da ratar mita 100 tsakanin layi da layi. Inda layukan suke tsaye har yanzu, mai bin hanyar da ta ratsa su zai iya yin zafi na layi uku, ya sassauta na layi biyu. A bakin gari kuma turakun wutar lantarki suna yin wannan aiki.

Akwai wani tsari na minti 20 da ya shahara da sunan ɗan Ostareliya Steve Moneghetti: sakan 90 sau biyu, sakan 60 sau huɗu, sakan 30 sau huɗu, sakan 15 sau huɗu, kowanne da sassauci daidai tsawonsa. Ya dace da ɗan makaranta ko mai zuwa gona da ba shi da lokaci mai yawa.

Tudu da rairayi

Nan ne Adar ta fi wurare da yawa sa'a. Buza da Keita suna cikin ƙasar duwatsu da kwaruruwa, ba sai an yi nisa ba kafin a samu hawa. Gudun hawa yana ƙarfafa cinya da sharaɓa da ɗuwawu, yana tilasta wa mutum ɗaga gwiwa da aiki da hannu, kuma dukan da ƙafa ke sha a ƙasa bai kai na gudu mai zafi a shimfiɗaɗɗen wuri ba. Arthur Lydiard na ƙasar New Zealand ya ware makonni na musamman don hawan tudu a tsarinsa, kuma ɗalibinsa Peter Snell ya ci zinare a mita 800 a Roma a 1960, ya ƙara biyu a Tokyo a 1964.

A nemi hawa mai matsakaicin tsayi, wanda za a iya gudu a kansa ba rarrafe ba, kuma a share tsakuwa mai gangarowa daga hanyar. Iri biyu ake yi. Gajere: sakan 10 zuwa 12 da ƙarfi sosai, sau shida zuwa takwas, a sauko da tafiya, a huta har numfashi ya dawo sarai. Dogo: sakan 60 zuwa 90 da ƙarfin da za a iya maimaitawa, sau shida, a sauko da sassarfa. Ido ya kalli gaba, ƙirji a buɗe, taku gajere mai sauri. Kada a gangaro da gudu, domin a gangara ne ake yin targaɗe.

Rairayi ma makaranta ce. Percy Cerutty ya horar da Herb Elliott a kan tuddan rairayi na Portsea a Ostareliya, kuma Elliott ya ci mita 1500 a Roma a 1960 da sabon tarihin duniya. Busasshiyar ƙorama da rani tana ba da irin wannan aiki: mita 60 zuwa 100 sau takwas. Amma rairayi yana jan agara, don haka sau ɗaya a mako biyu ya isa. Masu son yi ba takalmi su duba ƙaya da ƙarangiya da fasassun kwalabe. Da damina kuwa a ƙaurace wa ƙorama gaba ɗaya, saboda ruwan da aka yi a kan duwatsu yakan iso ba sallama ko da sama tana garau a inda mutum yake.

Zagayen mita 400

Wannan shi ne atisayen da masu gudu suka fi so kuma suka fi tsoro. Asalin tsarinsa na zamani daga Jamus yake, wajen mai horarwa Woldemar Gerschler, wanda ɗalibinsa Rudolf Harbig ya kafa tarihin duniya a mita 800 a 1939 da minti 1 da sakan 46.6. Gerschler da likitan zuciya Herbert Reindell sun mai da hankali kan hutun da ke tsakanin gudu da gudu: bugun zuciya ya hau zuwa wajen 180 a minti, a jira ya sauko zuwa wajen 120, sannan a sake tashi. Ana iya gwada wannan da yatsu biyu a gefen wuya. A ƙirga bugu na sakan 15, idan ya sauko zuwa 30 ko kusa da haka, lokacin komawa ya yi.

Emil Zátopek na tsohuwar Cekosulobakiya yakan yi mita 400 har sau 40 a rana ɗaya, kuma a Helsinki a 1952 ya kwashe zinare uku: mita 5000, mita 10,000 da fanfalaki. Wannan ba abin kwaikwayo ba ne ga mai farawa. Wanda ya fi dacewa a duba shi ne Roger Bannister, ɗalibin likitanci a Ingila da ba shi da lokaci sai na hutun rana. Yakan yi zagaye 10 da hutun minti 2 a tsakani. Ya fara da wajen sakan 66 kowane zagaye, ya yi ta ragewa cikin watanni har ya kai wajen sakan 60. Ranar 6 ga Mayu 1954 a Oxford ya zama mutum na farko da ya yi mil ɗaya ƙasa da minti 4.

Ga mai minti 20 a kilomita 5, tsarin shi ne mita 400 sau takwas, kowanne cikin sakan 88 zuwa 90, da hutun sakan 90 na tafiya ko sassarfa. Ga mai minti 25, kowanne cikin minti 1 da sakan 50. Bayan mako biyu a kai sau 10, daga baya sau 12, sannan a fara rage hutun zuwa sakan 60.

A nan ne ake gane wanda ya fahimci aikin. Samari shida su jeru a bakin layin toka, mai riƙe da waya ya ce a tafi. Ɗaya ya fizga kamar an koro shi, ya gama na farko cikin sakan 75, yana murmushi. A na huɗu ya koma 95, a na shida yana dafe da gwiwa yana haki, na bakwai bai tashi ba. Wani kuma ya yi 90, 90, 89, 90, har na takwas ya rufe da 87. Na biyun ne ya yi atisaye. Ƙa'idar ita ce zagayen ƙarshe ya yi daidai da na farko ko ya ɗan fi shi, kuma a tashi daga fili da jin cewa da an ce a ƙara ɗaya, da an iya.

Mita 800 da mita 1000

Mai shirin kilomita 5 ko 10 yana bukatar zango mai ɗan tsawo, domin sai gudu mai zafi ya kai wajen minti biyu kafin jiki ya kai matuƙar iskar da yake iya amfani da ita. Zangon minti 3 zuwa 5 yana tsayar da mutum a wannan matsayi na ɗan lokaci, shi ya sa masu horarwa ke ji da shi.

Tsarin: mita 1000 sau huɗu ko biyar da saurin gwajin kilomita 5, da sassarfa ta minti 2 zuwa 3 a tsakani. Mai minti 20 zai yi kowanne cikin minti 3 da sakan 55 zuwa minti 4. Ko kuma mita 800 sau shida da hutun minti 2. Miƙaƙƙiyar hanyar jar ƙasa ta fi kwalta sauƙi ga ƙafa, kuma ta fi aminci. Wanda dole ta sa ya bi babbar hanyar da ta ratsa Madawa, inda manyan motocin albasa ke zirga-zirga, ya riƙa fuskantar motocin da ke tahowa, ya sa riga mai haske.

Gudun riƙe sauri

Wannan ba shi da hutu. Minti 20 ne a jere da saurin da yake da zafi amma ana iya riƙe shi, wato wanda mutum zai iya jurewa na kusan awa ɗaya a ranar gasa. Mai horarwa ɗan Amurka Jack Daniels yana cikin waɗanda suka yaɗa shi. Amfaninsa shi ne ya matsar da iyakar da ƙafa ke fara nauyi zuwa gaba, ta yadda saurin da a da yake kawo haki zai zama abin da ake tafiya da shi cikin natsuwa.

Lissafinsa: a ƙara sakan 20 zuwa 25 a kan kilomitar gwaji. Mai minti 4 zai koma minti 4 da sakan 20 ko 25, mai minti 5 kuma minti 5 da sakan 25. Idan babu awo, magana ce ma'auni. Wanda zai iya furta kalma uku ko huɗu amma ba zai iya hira ba, yana kan daidai. Mai farawa ya raba shi biyu: minti 10, sassarfa ta minti 2, sai wasu minti 10.

Yadda ake jera mako

Binciken masanin motsa jiki Stephen Seiler, wanda ke aiki a Norway, ya nuna cewa manyan 'yan wasan juriya suna yin kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali. Eliud Kipchoge, wanda ya yi fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a Vienna a 2019, wato sakan 68 a kowace mita 400 sama da sau 105, shi ma yawancin gudunsa a sansanin Kaptagat mai sauƙi ne. A ranakun sauƙin ne jiki ke gyara abin da ranar zafi ta taɓa.

Makon mai gudu a Adar zai iya kasancewa haka. Litinin sassarfa ta minti 40. Talata zagayen mita 400 ko mita 1000. Laraba sassarfa ta minti 30. Alhamis sassarfa, a rufe da gajeren hawa sau shida. Juma'a hutu. Asabar gudun riƙe sauri ko fatlek. Lahadi doguwar sassarfa ta awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kada ranaku biyu masu zafi su biyo juna. Wasan ƙwallo mai zafi ko yini guda na noma a lissafa shi cikin ranakun zafi. Kowane mako na huɗu a rage aikin da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma bayan mako shida a sake gwajin kilomita 5, a gyara lissafi.

Zafi, ƙura da azumi

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a jihar Tawa yana wuce digiri 40, don haka atisayen sauri na bayan asuba ne, kafin rana ta ɗaga. A sha ruwa tun da dare, a ƙara da safe, a aje gora a bakin fili. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa. Da bazara a ƙara wa kowane zagaye sakan biyu ko uku, domin zuciya tana yin ƙarin aikin sanyaya jiki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi daɗin atisaye, sai dai ranar da hazo ya rufe gari gara a bar gudu mai zafi, musamman ga mai asma.

Da azumi a mayar da atisayen sauri bayan buɗa baki da awa biyu ko bayan tarawi, a wuri mai haske, a rage yawansa da rabi. Bayan kowane atisaye, fura da nono, ko shinkafa da wake, ko ƙwai da burodi suna mayar wa jiki abin da ya ƙona. 'Yan mata masu gudu su kula da ƙarancin jini, su riƙa cin hanta da wake da zogale, su je asibiti idan gajiya ta ƙi wucewa.

Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a ƙashin ƙwauri, ko wanda ke sa ɗingishi, yana bukatar hutu. Jiri, ciwon ƙirji, amai ko rikicewar hankali cikin zafi suna nufin a tsaya nan take, a shiga inuwa, a zuba ruwa a jiki, a nemi ma'aikacin lafiya. Mai zazzaɓin cizon sauro ba ya gudu sai ya gama magani ƙarfinsa ya dawo. Mai sikila ko ciwon zuciya kuma sai da izinin likita.

Abin da ya rage shi ne fili mai awo. Malaman motsa jiki na kwalejoji da lise, da hukumomin garuruwan Buza da Madawa da Keita, za su iya samar da shi da igiya mai mita 50, da buhun farar ƙasa, da aikin safiya ɗaya. Su auna zagayen mita 400 a kowane gari, su auna kilomita 5 a kan hanyar jar ƙasa, su riƙa shirya gwaji sau ɗaya a wata ga maza da mata, a rubuta sunaye da lokuta, a aika wa hukumar wasannin guje-guje ta ƙasa sakamakon waɗanda suka yi fice.